Baƙon Jikin Allo

A jikin allon talla Mas'uda ta fara ganinsa, a hanyar shiga Birnin Kudu: saurayi sanye da kwat, yana dariya da wata budurwa, a ƙasa an rubuta cewa ɗalibai daga faɗin duniya na tururuwa zuwa sabuwar jami'ar. Ranar da ta gan shi ido da ido kuwa, yana bayan ƙofar ƙarfe ne, yana roƙon maigadi ya bar shi ya je aski.

"Kai ne faɗin duniyar?" ta tambaya.

"Ni ne, ni kaɗai. Abdulsamad, daga Damagaram."

Ta yi dariya, sannan ranta ya ɓaci. An gina ƙaton masaukin ɗaliban waje, aka sa mutum ɗaya a ciki, aka hana shi fita sai da izinin ofis, wai don tsaro. Ba a fito da shi sai manyan baƙi sun zo.

Tun tana kai masa dambu don tausayi, har ta koma kaiwa don kanta.

"Tauraruwata," ya rubuto mata, "yau ma ta taga na ga gari. Da kika wuce sai ya ishe ni."

"Fursunana, ka ci abinci. Zan fitar da kai ko da faɗa."

Alhaji Dogara, mahaifinta, shugaban direbobin layin Gwaram ne. Da maganar aurensu ta iso gare shi ya ɗaure fuska.

"Na san shi. Kullum ina wucewa yana washe baki da 'yar mutane a jikin allo. Kuma ina manyansa? Ba na ba da 'ya ga hoto."

Manyan ba su da hanyar zuwa, domin an rufe iyakar Nijar. Shi ba ya iya komawa, su ba sa iya shigowa.

Maganar yarinyar allon ta tsaya wa Mas'uda a rai, har ta daina ɗaga wayarsa. Daga baya ta je ta tare ta. Jannat, 'yar aji biyu, ta kwashe da dariya.

"Wallahi ban taɓa tsayawa kusa da shi ba! A kwamfuta aka haɗa mu."

Daga nan Mas'uda ta wuce ofishin ɗaliban waje, ta roƙi daraktan ya tsaya wa Abdulsamad a matsayin uba.

"Wannan ba ya cikin tsarinmu," in ji shi.

"Amma fuskarsa tana ciki! Ranka ya daɗe, kun gayyato ɗan mutane, kun rufe shi, kuna neman wasu ɗari. Wa zai turo ɗansa inda babu mai cewa nawa ne?"

Aka nuna mata ƙofa.

Hutu ya zo, kowa ya watse, ya rage shi da maigadi. Ta hau mota zuwa Zandam ta zauna gaban ƙanin mahaifiyarta, wanda duk gari ke kira Bappa, tana kuka. Tsohon ya ji ta har ƙarshe.

"A garinmu aka kulle baƙo? Abin kunya."

Washegari ya tsaya a ofis da sandarsa, ya ce ba zai gusa ba sai da yaron. Suka ba shi.

Abdulsamad ya yi kakar nan a Zandam, ya yanki dawa, ya bi shanu, hannunsa ya yi kanta. Sannan Bappa ya zo gidan Alhaji Dogara.

"Alhaji, binciken da za ka aika a yi, na yi shi da idona. Kwanonmu ɗaya. Ga mahaifinsa a waya."

Muryar dattijo ta fito daga Damagaram: "Wanda ya saukar min da ɗa, shi ne ubansa a can. Na wakilta shi."

Alhaji ya dubi Bappa ya ce, "To, uban ango, sai ka gyara zama mu yi magana."

Bayan ɗaurin aure saƙonsa ya shigo: "Tauraruwata, na fito."

"Ka dai canza mai tsaro, angona."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allon yana nan har yau, kuma duk sanda Alhaji ya zo wucewa sai ya rage gudu ya ce wa fasinjoji, "Surukina ne. Waccan kuwa ba matarsa ba ce."