Ranar da Nazira ta Ɗaura Zanen Kaka

Hantsi ya leƙo ta ƙofar ɗakin Kaka Batulu ya tarar da Nazira zaune a bakin gado, ta rungume tsohon zanen saƙi. Ƙamshin marigayiyar na nan a jikinsa, man shanu da kanumfari. Da ta lumshe ido sai ga Kaka ta dawo mata: tana tafe daga kasuwar Cadakori da ƙwaryar gyaɗa a ka, jikoki na biye, tana wannan dariyar tata mai girgiza kafaɗa. Matar da ta ga fara, ta ga yunwa, ta binne miji, amma ba wanda ya taɓa shiga ɗakinta da ɓacin rai ya fito da shi. Ko bara, ana cewa ta kusa ɗari, ta shiga fili a wani suna, sai da makaɗi ya roƙe ta ta huta.

"Ke Nazira! Mahwarki kike ido biyu?" Rukaiya ce, ɗiyar gwaggonta. "Jikoki mun gama shawara — ke za ki zama Kaka yau. Muryarki sak tata!"

Ranar ce sadakar arba'in. A danginsu, idan tsoho ya tafi da shekaru irin haka, ɗaya daga cikin jikoki kan sa tufafinsa ya kwaikwaye shi, a yi dariya, a raba gumba, kuma ba mai ikon yin fushi da abin da ya faɗa.

"Ni ina na ga ƙarhin wasa, Rukaiya?" Sai hawaye shar!

Rukaiya ta san dalili. Garzali, mushen lakol, wato malamin makaranta, a Gidan Rumji, ɗan Baffa Shu'aibu ne, ƙanen baban Nazira, Malam Barmo. Shi da Nazira sun daɗe suna son juna, har an kai goro. Sai ga shekarar jam'iyyu ta zo. Wa ya shiga wannan parti, ƙane ya shiga waccan, aka yi baƙar magana a wani mitin, Malam Barmo ya mayar da goron. Ni kam ban taɓa ganin abin da ke raba ciki ɗaya da sauri haka ba, kuma a kan mutanen da ko hanyar garin ba su sani ba! An ɓoye wa Kaka don tana kwance, har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu Malam Barmo ya ce da an watse daga sadaka, ƙafar ƙanensa da ta ɗansa sun bar gidan nan.

A zaure ta ci karo da Garzali yana shigo da tabarmi.

"Kin yi kuka," ya ce a hankali. "Ko shekara nawa ce ina jira, Nazira. Amma kar ki ɗaga ma Baba murya — dakor, kin yarda?"

"Dakor," ta ce. Dama ba ta taɓa yi ba.

Bayan azahar aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Ga Kaka Batulu ta fito, zanen saƙi har ƙirji, baya a duƙe, tana taunar goron da babu. Gida ya kaure da shewa! Ta zagi surukai a kan miya ba gishiri, ta kira wani jika ango ta ce ya bar ta ba cefane. Tsofaffi na dariya suna share ido. Ita kanta Nazira sai ta ji kamar ba ita ke tafiya ba, kamar wata ce ta riƙo hannunta tana ja. Ba ta ankara ba sai ga ta a ƙofar gida wajen maza. Babanta na gindin iccen bedi, Baffa Shu'aibu na can jikin katanga, kowa da mutanensa.

Kafin ta juya, bakin ya riga ya buɗe.

"Kai, yaron ga!"

Haka Kaka ke kiran Malam Barmo, don ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba.

"Mi nike gani? Tabarma biyu ranar sadakata? Ni ciki guda na ɗauke ku, ban tuna na haihi parti ba! Wa ya goya Shu'aibu ranar da na tahi rijiya na daɗe? Ba kai ba? Kana kuka shina kuka, na taras kana lasa mishi hura da yatsa. Yau shi ne abokin gaba?" Muryar ta fara rawa. "Na tahi ina dariya, don na ɗauka gida guda na bari..."

Ta kasa ƙarasawa. Kuka ya ƙwace mata, sandar ta faɗi.

Malam Barmo ya daɗe kansa a sunkuye. Labarin furar nan, tsohuwa ta sha ba jikoki shi, shi kuwa ya manta. Da ya ɗago, gemunsa ya jiƙe.

"Ki yi haƙuri, Inna," ya ce.

Ya tashi, da hannunsa ya jawo tabarmarsa har jikin katanga, ya zauna kusa da ƙanensa.

"Shu'aibu, goron nan... shina nan?"

"Ya bushe, Yaya," in ji Shu'aibu, shi ma yana share ido. "Amma kasuwa na ci jibi."

Bayan girbi aka ɗaura auren Nazira da Garzali. Zaɓe ya zo ya wuce, kowane cikin iyayen ya jefa wa wanda yake so, suka dawo suka ci tuwo a akushi ɗaya.

To ƴan'uwa, mahaƙurci mawadaci ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da Nazira ta saba yi wa mahaifinta tsiwa, da ranar nan muryar ɗiyarsa kawai zai ji. Da yake ba ta taɓa yi ba, sai ya ji ta uwarsa.