Wa Ya Ɗana Tarkon?

Aikin Barakatu a gandun dajin da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa shi ne haɗa kan masu aikin sa kai da wayar da kan mutanen ƙauyukan gefen dajin. Ita ke bin masu unguwanni da limamai, ita ke zama kan tabarma da mata tana yi musu bayanin amfanin bishiya, ita kuma ke lallashin samari su ba da ranar hutunsu a shiga daji a cire tarkuna. Tarkunan na wayar birkin babur ne. A yi wa wayar zarge, a ɗaure ta a gindin itace, a kan hanyar da namun daji ke bi zuwa ruwa. Duk abin da ya sa ƙafa ciki, ya sa ke nan.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, gamba ta fi tsayin mutum. Tun safe samarin ke aiki. Bayan la'asar Barakatu ta raba musu ruwa da ƙosai, ta yi musu godiya, suka ɗare a-kori-kura suka tafi suna waƙa. Aka bar ta da Uwais, direban ofis, da Baba Ghali.

Baba Ghali tsohon maharbi ne, siriri, marar yawan magana. Barakatu ta sha zirga-zirga ƙofar gidansa kafin ya yarda ya zama jagoran masu sa kai. Da baka da bindigar toka ya yi farautarsa, bai taɓa ɗana waya ba, yakan ce wannan aikin ragwaye ne. Tun da ya shigo, babu wanda ya ƙara ɓata a daji.

Suna shirin shiga mota sai Barakatu ta tuna. Gobe za a kawo ɗaliban wata makaranta daga Kiru, kuma Rafin Marke ta yi niyyar kai su, don nan ne ake ganin sawun dabbobi.

"Baba, an share bakin Rafin Marke kuwa?"

"Ba a kai can ba, Malama. Gobe da sassafe na je."

"Gobe da sassafe kana tare da ni a gidan dagaci. Yaran kuma da hantsi za su iso."

Baba Ghali ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta yi ja, ta rataye a kan bishiyoyi.

"Akwai masu shan ruwa a irin wannan lokaci," ya ce. "Ba su son a tsaya musu a ka."

Barakatu ta ɗauka dabbobi yake nufi. Ta ce, "Ai ba daɗewa za mu yi ba. Baba, in waya ta kama ƙafar ɗan wani gobe, me zan ce wa uwarsa?"

Baba Ghali ya ɗauki addarsa ya ce, "To, mu je. Amma in na ce mu juya, mu juya."

Uwais ya kai su iyakar inda mota ke iya shiga, ya kashe, ya ce zai yi alwala ya jira su. Barakatu ta rataya buhu a kafaɗa, ta riƙe filayar datse waya, ta bi bayan tsohon.

Hanyar siririya ce, ta dabbobi. Gamba na shafar fuskarta, ƙasa na tsotsar takalminta. Kwaɗi sun cika wurin da kuka, gyare na amsa musu. Ba su yi nisa ba Baba Ghali ya nuna da adda. Waya ce kwance cikin ciyawa, bakinta a buɗe. Barakatu ta datse ta, ta naɗe, ta jefa a buhu. Gaba kaɗan ga wata. Ga wata kuma. Wanda ya ɗana su bai bar ko kafa ɗaya ba. Kafin su kai bakin ruwa buhun ya fara yi mata nauyi.

Sai wari ya tare su.

Warin nama ne da ya kwana biyu, haɗe da wani abu mai kama da ƙonannen gashi. Barakatu ta ja mayafinta ta toshe hanci. A gindin wani marke ƙasa ta tonu, an tumurmushe ciyawa, ɓawon itacen duk ya saluɓe. A tsakiyar wurin ga waya, kuma cikin zargen wayar ga ƙafa. Ƙafar gwanki ce, daga kofato zuwa ƙasan gwiwa, amma Barakatu ba ta taɓa ganin mai girmanta ba. Dabbar ta yi ta ja ne har ƙafar ta rabu da jikinta.

Tausayi ya kama ta. Ta durƙusa ta sa filaya.

"Kada ki taɓa!"

Ta riga ta datse. Ƙafar ta faɗi gefe, wayar mai busasshen jini tana hannunta. Ta jefa ta a buhu ta dubi Baba Ghali. Ba ita yake kallo ba. Ƙafar yake kallo.

"Babu ƙuda ko ɗaya a kanta," ya ce a hankali. "Tururuwa ma ba ta hau ba. Mu juya."

A lokacin ne Barakatu ta lura kwaɗin sun yi shiru. Gyare ma ya yi shiru. Ko ruwan rafin ba ta jin tafiyarsa.

Suka juya. Baba Ghali na gaba, yana sauri, leɓunansa na motsi da addu'a.

Daga bayansu wani abu ya taka ƙasa.

Dim. Dim. Dim. Sannan shiru, daidai inda taku na huɗu ya kamata ya sauka.

"Baba," ta ce da raɗa.

"Kada ki waiwaya."

Dim. Dim. Dim.

Yanzu a gefensu yake, cikin gamba. Ciyawar na kwanciya tana tashi. Warin ya ƙaru har Barakatu ta ji shi a harshenta. Sai abin ya wuce su, ya fito kan hanya, ya tsaya a gabansu.

Gwanki ne, amma tsayinsa ya kai na raƙumi. Ƙahoninsa sun shige cikin rassan itace. A kan ƙafa uku yake tsaye. Ta huɗun dungu ce, baƙin jini na ɗiga daga gare ta, duk inda ya ɗiga ciyawa sai ta yi hayaƙi. Barakatu ta ɗaga ido zuwa fuskarsa, ta yi da-na-sani. Idanun ba a gefen kai suke ba. A gaba suke, irin na mutum, har da gira.

Bakinsa bai motsa ba, amma ta ji muryar sarai, muryar tsoho mai fama da ciwo.

"Wa ya ɗana?"

Baba Ghali ya sauke addarsa ƙasa, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ba mu ba ne. Cirewa muka zo yi."

Idanun suka bar shi, suka sauka kan Barakatu. Suka sauka kan buhun da ke kafaɗarta. Hancin abin ya buɗe, ya shaƙi iska.

"Jinina yana wurinki."

Ta buɗe baki. Buhun ya motsa a bayanta. Ta ji wayoyin suna warwarewa suna goga juna, kamar an cika shi da macizai. Ɗaya ta huda buhun, ta zagayo wuyanta, sanyi ƙalau.

Wayar ta shaƙe ta.

Barakatu ta faɗi kan gwiwoyinta tana yagar wuyanta da farce. Wayar na shiga fata. Jini mai ɗumi ya gangaro mata cikin riga. Idanunta suka fara rufewa.

Sai ta ji an fizge buhun da ƙarfi.

"Nawa ne!" Baba Ghali ya ɗaga murya, ya rungume buhun a ƙirjinsa. "Buhuna ne! Ni ne maharbi, dube ni! Yarinyar nan ɗauko min kawai ta yi!"

Wayar ta saki wuyanta.

Buhun ya fashe a hannunsa.

Wayoyin suka watsu a kansa gaba ɗaya. Wata ta tsaga masa kunci, wata ta naɗe masa hannu, wasu suka bi jikinsa suka gangara. Mai busasshen jinin nan ita ta sami ƙafarsa ta hagu, ta zarge a saman idon sawu. Ɗaya bakin nata ya miƙe cikin ciyawa kamar wani ya kama.

Aka fizge shi. Ya faɗi da baya, kansa ya bugi saiwa.

Aka fara jan sa zuwa rafi.

Barakatu ta yi tsalle ta kama hannayensa. Aka ja su tare. Ƙaya ta yage mata gwiwa, ƙasa ta cika mata baki. Ta maƙale ƙafafunta a jikin wani kututture, ta riƙe. Jikin tsohon ya miƙe tsakaninta da abin da ke ja, kamar igiyar guga.

"Sake ni," ya ce ta tsakanin haƙora. "Gudu."

"Wallahi ba zan sake ka ba!"

Ta saki hannu ɗaya, ta lalubo filaya, ta miƙa ta kama wayar. Ta matsa da duk ƙarfinta. Bakin filayar ya karye kamar busasshen kara.

Wayar ta nutse cikin nama. Baba Ghali ya yi wata ƙara da Barakatu ba ta taɓa jin ta fito daga bakin ɗan Adam ba.

Ta ji wayar ta kai ƙashi.

Ta ji tana gurzar sa.

Ƙas!

Suka wuntsila baya su biyu. Jan ya tsaya.

Wani abu ya shige cikin gamba da sauri, wayar na jansa. Barakatu ba ta bi shi da kallo ba. Inda ƙafar Baba Ghali take, jini ne ke tsartuwa. Ta cire mayafinta, ta ɗaure masa ƙasan gwiwa, ta sa guntun itace ta murɗa har tsartuwar ta ragu. Ta kama shi ta hammata ta fara ja da baya.

"Uwais!" Muryarta ta fito a shaƙe. "Uwais!"

Daga wajen rafi ta ji wani sauti, kamar ana cusa ƙafa cikin jiƙaƙƙen takalmi.

Ta ci gaba da ja.

Dim. Dim. Dim.

Ta tsaya da numfashi, tana jiran shirun nan.

Taf.

Taku na huɗu ya sauka. Mai laushi.

Ba ta san sa'ad da ta fara kururuwa ba. Tana cikin yi hasken tocila ya ratso ciyawa, Uwais ya faɗo yana salati. Ya saɓa tsohon a kafaɗa, ya ce, "Riƙe rigata!" Suka ruga. Har suka shiga mota, har Uwais ya tayar da ita ya juya, Barakatu na jin takun a bayansu, ba sauri, ba tsayawa, kamar na mai gwada sabuwar tafiya.

Baba Ghali bai mutu ba. Daga Tudun Wada aka wuce da shi wani asibiti a Kano, ya yi makonni, ya dawo gida da sanduna. Washegarin abin, Uwais ya raka ma'aikatan daji da wasu maharba wurin. Sun ga jini, sun ga yagaggen buhu da karyayyar filaya. Ba su ga waya ko ɗaya ba, ba su ga ƙafar Baba Ghali ba. Aka soke zuwan ɗaliban.

Labari ya zaga ƙauyuka. A taron da Barakatu ta kira bayan ta warke, ba ta gama sallama ba wani mutum ya taso ya zube ƙullin wayoyi a gabanta, ya koma ya zauna. Wani ya biyo shi. Abin da ta shekara tana roƙo ya samu a yini ɗaya, amma ba ta iya yin murna ba. Ta ci gaba da aikinta, da tabo a zagaye da wuyanta. Masu sa kai kuwa, yanzu da azahar take sallamar su.

Da rani ya shigo, ruwa ya ja baya, ta bi ma'aikata suka je duba Rafin Marke da rana tsaka. A cikin taɓon bakin ruwa ta ga sawu. Manyan kofatai uku, da tafin ƙafar mutum ɗaya, ta hagu, yatsu biyar sun fito raɗau. Sawun ya gangara zuwa ruwa, ya sake hawa ya shiga daji.

Da yamma ta je gidan Baba Ghali. Ta same shi a zaure yana saƙar igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, ka yafe min. Ni na matsa maka a ranar nan."

"Yaran mutane kika tsare, Malama. Bar wannan maganar."

Sai ta gaya masa abin da ta gani a taɓo. Ta zaci zai firgita. Bai ko ajiye igiyar ba.

"Na sani," ya ce. Ya dubi dungun ƙafarsa, sannan ya leƙa waje ya dubi rana. "Kullum in magariba ta kawo kai, sai in ji ina taka ƙaya, in ji tsakuwa. Daga nan sai sanyin ruwa ya kama min yatsu."

Ya ɗan runtse ido, ya ja numfashi ta haƙora.

"Kin ga, yanzu ma ya shiga rafin."