Sifikar Jif ɗin Abba

"Wayyo Allah, ya kashe min muryar mijina!"

Kukan Umma ne ya sa na saki bokitin wanki na fito tsakar gida a guje, hannuna duk kumfa.

Tana zaune a ƙaramar jif ɗin da Abba ya rasu ya bar mana, ta dafe kai. Kaset na juyawa, amma abin da ke fitowa ba muryar Abba ba ce, wata siririyar murya ce kamar daga cikin rijiya.

Kaset ɗin nan shi kaɗai ne muryar Abba da ta rage mana. Ya ɗauke shi ne shekarun da yake aikin hanya a nesa, ya aiko wa Umma. Rediyon motar kuma shi kaɗai ke cin kaset a gidan, don haka duk safiyar Asabar sai ta shiga ta rufe ƙofa ta saurara.

"Na gaya miki, Auta!" Yaya ya nuna ni da yatsa. "Wannan mai wayarin ɗin naki ne ya taɓa rediyon nan. Ga sakamako!"

Kusa da shi abokinsa Mai Shago ya harɗe hannu, yana girgiza kai wai shi tausayi.

"Umma, ni dai na yi nawa. Sifikun da na sa jiya babu irinsu a garin nan. Amma in an riga an lalata kaset..."

Ban san lokacin da na watsa masa harara ba. Mutumin da tun bara yake min zarya, turarensa na riga shi shigowa gida da minti biyar.

Abin da ya faru shi ne, ruwa ya shiga ƙofofin motar da damina, tsofaffin sifikun suka yage. Na kai motar wurin Injiniya, mai gyaran wayarin mota, wanda kowa a gidanmu ya san shi zuciyata ke so, kowa kuma ya murtuke fuska. Ya auna ramin ƙofa, ya goge rediyon, ya ce na jira kwana uku a kawo masa sifikun da suka yi daidai da ita. Mai Shago na jin labari ya yi wuf ya riga shi, ya ɗaura wasu ƙatti kamar murfin tukunya.

"Auta," Umma ta ce ba ta ko dube ni ba, "kada yaron nan ya sake taka min ƙofar gida."

Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

Na koma ɗaki na kira Injiniya a waya.

"Gimbiya, kuka kike?"

"An ce kai ka ɓata kaset ɗin Abba..."

"Muryar ta tsinke ne, ko ta yi siriri?"

"Siriri. Kamar mai mura."

"Alhamdu lillahi. Share hawayenki, hasken idona. Ga ni nan."

"Umma ta ce kar ka..."

"Ba zan shigo ba. Ki turo motar waje kawai."

Haka aka yi. Na fito da ita bakin ƙofa, Umma na ciki ta ƙi sauka. Ya iso da kwali a hammata, ya durƙusa daga nesa.

"Umma, ina kwana. Minti goma nake roƙo. In muryar ba ta dawo ba, wallahi ba za ki ƙara ganina ba."

Wa ya aike shi rantsuwa?

Umma ta kau da kai. "Goma."

Ya kwance murfin ƙofar direba, ya zare wayoyin sifikar, sannan ya ciro ƙaramin batir irin na tocila daga aljihu. Yana ɗora wayoyin a kai, fatar sifikar ta turo waje, ɓul! Ya zagaya ɗaya ƙofar ya yi haka. Wannan karon ciki ta shige.

"Yaya, ka gani?" ya ce cikin ladabi. "An juya waya a nan, an sa ja a wurin baƙa. Wannan tana turawa, waccan tana ja. Faɗa suke yi da juna, sai su cinye muryar a tsakani. Kaset lafiyarsa ƙalau."

"Kai, ɗan kuskure ne!" Mai Shago ya yi dariyar yaƙe. "A juya kawai, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, ɗan sauke gilashin nan," Injiniya ya ce masa.

Mai Shago ya murɗa hannun gilashi da ƙarfi don ya nuna isa. Ƙiiii! Gilashin ya cije a rabi, da dogon karce a jikinsa.

"Bayansu ya yi zurfi, ƙofar kuwa ba ta da ciki," in ji Injiniya. "Sifiku ne masu kyau, amma na babbar mota ne, na kiɗa. Umma magana take saurare."

Yaya ya juya ya kalli abokinsa, kallon da ya sa Mai Shago ya tuna wai ya bar shago a buɗe.

Injiniya ya buɗe kwalinsa. Wasu ƴan ƙanana ne guda biyu, ba su fi tafin hannuna ba. Suka zauna a ramin cif, ko huda bai ƙara ba. Ya liƙa leda a bayansu saboda ruwa, ya ɗaure, ya mayar da murfi. Minti goman nan sun daɗe da wucewa, amma ba wanda ya duba agogo.

Ya ja da baya. "Gimbi... Auta, kunna."

Na danna.

"Maman yara, sallama. Ina lafiya, kar ki sa damuwa a ranki..."

Abba ne! Har da ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya yi dariya. Kai ka ce yana zaune a kujerar direba. Yaya, ƙaton mutum, ya juya baya yana goge ido da hularsa.

"...ki ce wa Auta ta daina cin sukari a ɓoye, labari ya iso ni."

Na fashe da kuka da dariya lokaci guda. A ranar na san ko da zan shekara ina yi wa bawan Allahn nan godiya, ban biya shi ba.

Shi kuwa har ya tattara kayansa zai sulale.

"Yaro," Umma ta kira shi. "Zo nan. Allah ya yi maka albarka. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe min."

"Haba Umma, ba komai."

"Mahaifinka yana nan? Ina so a yi magana da shi kan wannan mai cin sukarin."

Na rufe fuska da mayafi. Ya sunkuyar da kai.

"Ya rasu ina goye, Umma. Sai dai kawuna."

"Kana da muryarsa?"

"Ko hotonsa ban taɓa gani ba."

Umma ta miƙa hannu ta tura masa ƙofar direba.

"Shigo ka zauna, ɗana. Auta, mayar mana da shi farko. Wannan uban ya ishe ku ku biyu."