Zanen Mama Ya Ɓata a Hanyar Tanga

"Hannu da hannu na ce maka, Kibwana. Hannu da hannu..."

Mwantumu ta faɗi haka ba tare da ta kalli saurayin nata ba. Benci ɗaya suke zaune a ofishin kaya na tashar motocin Dar es Salaam, amma filin da ta bari tsakaninsu ya ishi mai ƙiba ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Tumu, ki saurare ni mana."

"Na saurare ka jiya, na saurare ka shekaranjiya. Zanen ya dawo?"

Ya sunkuyar da kai.

Ba kowane zane ba ne. Kisutu ne, wato zanen kanga mai ja da baƙi da ake lulluɓe amarya da shi. Da shi aka lulluɓe mahaifiyarta, kuma kafin ta rasu ta damƙa shi ga ƙanwarta, Inna Zuhura, can Tanga, ta ce a ajiye wa Tumu. Da biki ya matso, aka ce Kibwana ya karɓo, tunda direban babbar mota ne mai bin hanyar. Ya karɓa kuwa. Sai maigidansa ya juya shi zuwa Mombasa, shi kuma da irin dabarar maza, wai kada zanen ya kwashi warin man mota, ya naɗe shi cikin kwalin man girki ya ba motar fasinja. Mota ta iso, kwali bai iso ba.

Mahaifinta, Mzee Shomari, bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan tsoratarwa. Cewa kawai ya yi wanda ya kasa riƙe ƙyalle ba zai ba shi 'ya ba, a dakatar da biki.

"Na gaba," in ji ma'aikaciyar da ke bayan taga, tana goge man soyayyen rogo daga yatsunta.

Suka tashi. Kibwana ya miƙa rasit ya ce sun zo shigar da ƙorafin kayan da ya ɓata. Ta duba, ta ɗago ta dube shi.

"Kwalin man girki? Ɗan'uwa, ka san irin kwalayen man da 'yan kasuwa ke saukewa a nan kullum? Naku ya bi ayari. Yanzu haka yana ƙasan tari a wani shago a kasuwar Kariakoo."

"To a nemo mana shi, don Allah."

"Mu nemo me? 'Tufafi' ka rubuta. Wane tufafi?"

"Kanga ce," Tumu ta ce a hankali. "Ta mahaifiyata."

"'Yar'uwa, duk macen garin nan kanga gare ta. Ku kawo hoto, ko wata shaida da za mu aika wa direbobi. In babu, sai a biya ku kuɗin zane a rufe magana."

Hoto kuwa babu. Ranar bikin mamanta ba wanda ya ɗauka.

Suna fita Kibwana ya tari gabanta.

"Masoyiyata, zan nemo miki irinsa sak. Ko Zanzibar ne zan je..."

"Irinsa?" Ta dube shi. "Za ka saya da ƙamshinta a jiki? Da ɗinkin da ta yi a gefe da hannunta?"

"Ba haka nake nufi ba, Tumu."

"Ina son ka, Kibwana, Allah ya sani. Shi ya sa abin yake cin raina. Da wani ne da tuni na zage shi na huta."

Ta hau motar unguwarsu ta bar shi tsaye, kuma har ta isa gida hawayenta bai tsaya ba.

Ta tarar da Baba a baranda yana shan shayi. Ta durƙusa ta faɗa masa yadda aka yi. Ya ajiye kofin ya shige ɗakinsa.

Mako ya zagayo, gidan kamar an yi rasuwa. Ta daina ɗaga wayar Kibwana, amma duk kiran da ya katse sai ta rungume wayar a ƙirji.

Wata safiya Baba ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a.

"Ɗauko mayafinki, mu je tashar nan."

Sun tarar da Kibwana a kan bencin, ya rame, ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura. Ya zabura ya gaishe da Baba har ƙasa. Ma'aikaciyar ta leƙo ta taga.

"Baba, naka ne wannan? Ka taimaka ka ɗauke mana shi. Ya ajiye motarsa, kullum daga nan sai Kariakoo, shago-shago yana roƙon a buɗe masa kwali. Har sun sa masa suna Malam Kwali."

Baba ya dubi ƙafafun Kibwana, ya daɗe yana duba. Sannan ya sa hannu cikin rigarsa ya zaro wani abu a naɗe, ya shimfiɗa shi a kan teburin ma'aikaciyar.

Ja da baƙi. Ɗinkin hannu a gefe.

Tumu ta matso kusa.

"Baba... an gan shi ne?"

"A'a. Ɗan'uwansa ne." Bai kalle ta ba. "Kanga ai biyu ake sayarwa, a raba. Ɗaya mahaifiyarki ta ba Zuhura. Wannan da shi aka rufe ta ranar wankan gawarta. Aka ce in bar wa matan da suka yi mata wankan, kamar yadda aka saba, na ba su wani. Wannan na kasa."

Tun tana 'yar firamare take share ɗakinsa, ba ta taɓa ɗaga matashinsa ba saboda ya hana. Sai yau ta san dalili.

Ma'aikaciyar ta ajiye rogonta. Ta ɗauki hoton zanen, ta cika takardar ƙorafin, ta buga hatimi.

"Zan aika wa kowane direba. Amma Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, da wuya..."

"Na sani, 'yata."

Ya ninke zanen a hankali, ya shafa shi sau ɗaya. Tumu ta riƙe hannunsa tana kuka.

"Baba, kar ka yi. Shi kaɗai ya rage maka."

"Ke ce kika rage mini. Wannan ajiya ce."

Ya juya ga Kibwana, wanda idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Zo nan, Malam Kwali. Karɓi ka kai wa matarka." Ya ɗora masa a tafin hannu. "Hannu da hannu."

Tsakanin Kibwana da Tumu bai fi taku ɗaya ba, amma da hannu biyu ya tallabi zanen, har sai da ya ji ta riƙe sosai sannan ya saki.

Kwalin dai har yau ba a gan shi ba. Ranar biki aka lulluɓe Tumu da kisutun mamanta, kuma da ta shaƙi zanen, ba ƙamshin mama ta ji ba, na Baba ne.