Ƙamshin Ranar Alhamis

Har gobe matata Mastura cewa take tumbina ne ya maƙale ni. Sharri ne. Duk tsohon birnin Bukhara babu mai ƙirar jikina.

Dabarar tawa ce. Bututun hayaƙin marigayi kakana, wanda aka toshe tun ina goye, na fasa shi, na kafa fanka saman murhun gas tana zuƙe hayaƙi. Har maƙwabta na kira kallo.

"Baban yara, ran Alhamis a kashe ta," in ji Mastura. "In na soya mai don mamatanmu, ƙamshin ne abincinsu. Sai ya zaga gida."

Na ce to. Tana juya baya in kunna abata.

Wata Alhamis gab da magariba fankar ta tsaya. Mastura na maƙwabta. Na kwance fankar, na taka murhu, na cusa kai cikin bututun in ga abin da ya toshe shi.

Na shige har ƙugu. Fitowa ta gagara.

Duhu. Warin tsohuwar kunkunniya. Hannuwana a sama, a matse. Can ƙoli, ɗan haske kamar ƙwayar ido.

Sai hasken ya rufe.

Wani abu na saukowa. Ƙura na zubo mini a fuska.

Aka soma shinshina ta. Hanci mai sanyi a goshina. Wani a kunne. Wani a wuya.

"Hikmat." Raɗa ce, muryar kakana. "Nan ka koro mana abinci, muka biyo. Iska ke kwashewa."

Na buɗe baki in yi bismilla. Toka ta cika shi.

Bango ya ƙara matso haƙarƙarina.

"Yunwa, Hikmat."

Numfashi ya ƙi shiga.

Daga ƙasa na ji salatin Mastura. Baiwar Allah ba ta ko taɓa ƙafata ba. Kasko na ji, sai ashana, dab da dugadugaina. Man angurya ya ɗau ƙara, ta jefa ƙullin fulawa.

"Ga naku nan," ta ce. "Ku sauko gida. Ku bar mini wawan nan."

Sanyi ya bi wuyan rigata ya gangara. Ɗaya bayan ɗaya.

Na faɗo tim.

Yanzu fanka hutu take ran Alhamis. Ni kuwa tun ranar ban sake jin ƙamshin komai ba. A dafa shinkafa da naman rago, na titi su jiyo, mai gida na zaune kamar dutse.

Sai dai duk Alhamis, da mai ya yi zafi, hancina kan buɗe da kansa, yana shaƙa, yana shaƙa.

Ba ni ke shaƙar ba.