Tabo a Kusurwar Hoto

Ranar Litinin da safe, tun ba a kaɗa ƙararrawar shiga aji ba, aka kama wata ɗaliba a bayan ɗakin karatu tana kwafar wani abu daga waya. Da Shugaban makaranta ya karɓi wayar ya duba, sai da ya nemi kujera ya zauna. Hotuna huɗu ne na takardar jarrabawar kimiyya ta 'yan ajin ƙarshe, wadda za a rubuta ranar Laraba, shafi bayan shafi, ko wasali ɗaya bai ɓace ba. Ɗalibar ta rantse turo mata aka yi, wanda ya turo mata shi ma turo masa aka yi. Kafin ƙarfe goma an gano rabin ajin na da su.

Wata Sajan ce aka turo daga ofishin 'yan sanda. Doguwa ce, mai tabarau mai kauri, ba ta da yawan magana. Da ta shigo ƙofar makarantar sai da ta ɗan tsaya, domin nan ta yi karatu shekara goma sha takwas da suka wuce, ga bishiyar da suke fakewa a ƙarƙashinta tana nan ba ta je ko'ina ba.

"Ai mun riga mun gama binciken, Sajan," in ji Shugaba. "Sa hannunki kawai muke so. Dubi gefen hoton nan. Wannan koren mayafin tebur, mai ɗinkin hannu a baki, na sakatariyarmu ne. Ita ta buga takardar, kuma tana da makullin kabad. Ga takardar dakatarwa na rubuta."

"Wace sakatariya?"

"Wadda yara ke kira Anti Ɗigo."

Sajan ta cire tabaranta ta goge, alhali babu abin da ya same shi.

Sunan ya samo asali ne daga yadda matar ke aiki. Duk shafin da ta buga, sai ta karanta shi tun daga sama har ƙananan rubutun ƙasa, sannan ta ɗiga fensir a kusurwa, alamar ta gama da shi. Shekara talatin da ɗaya tana haka, saura wata huɗu ta yi ritaya. Ita ce kuma, lokacin da duk malamai suka yanke cewa Sajan daƙiƙiya ce, ta lura yarinyar na manna hanci da allon sanarwa kafin ta iya karantawa. Ta kira mahaifinta ta ce masa, "Baba, 'yarka ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, ido ne." Ranar da matar ta sa mata tabarau da hannunta ta fara ganin ganyen bishiya ɗaya-ɗaya. Sajan ba ta taɓa mantawa ba, kuma tana jin kunyar cewa ba ta taɓa dawowa ta ce na gode ba. Yanzu ga shi ana so ta sa hannu a fitar da matar nan da sunan ɓarauniya.

"A ajiye takardar nan tukuna," ta ce. "A ɗora mini hotunan a babbar kwamfuta."

Ta daɗe tana kallonsu. Rubutun ya fito tas daga gefe zuwa gefe, har ƙananan lambobin da ke maƙale a ƙasan haruffa ana karantawa ba tare da runtse ido ba. Amma a sama, kusurwar dama, akwai wani ɗan tabo toka-toka, kamar an taɓa da yatsa mai maiƙo. Ta duba na biyu, yana nan. Na uku da na huɗu, wuri ɗaya cif. Ta sa aka buɗe kabad aka ɗauko ainihin takardar, fara fes, babu tabo ko ɗaya.

Tana fitowa baranda idonta ya faɗa kan allon sanarwa, wanda ta taɓa manna wa hanci. An liƙa hotunan wasan tsere na bara. A sararin samaniyar kowane hoto, kusurwar dama, ga tabon nan yana zaune abinsa.

"Wa ke ɗaukar waɗannan?" ta tambayi maigadi.

"Koci ne, ranki ya daɗe. Da 'yar kyamarar makaranta."

Kafin ta nemi malamin wasannin, sai ta fara da malamin kimiyya, tunda shi ya tsara tambayoyin.

"Malam, wa ya ga takardar nan bayan kai?"

"Anti da ta buga, sai Mataimakin Shugaba da aka ce ya kulle ta ranar Alhamis da rana."

"Kai fa?"

Ya yi dariya mai ɗaci. "Sajan, tambayoyin nan a kaina suke. In fitar da su zan yi, me zai kai ni ɗaukar hoto? Kuma tun Alhamis da safe ina taron bita a wani gari, sai Asabar na dawo. Ga takardar halarta."

Ta duba hatimin da kwanan watan, ta miƙa masa abarsa.

Koci ya shigo da usur a wuya da kyamarar a hannu, yana riƙe da ita kamar ƙwai. 'Yar ƙarama ce, ruwan azurfa, ba ta wuce tafin hannu ba. Ya danna maɓalli, gilashinta ya turo kai waje da ɗan ƙugi.

"Kada ki raina ta," ya ce. "Tana jawo abu daga nesa ninki biyar. In kuma kika danna nan, inda aka zana fure, sai ta ɗauki abu na kusa, har gashin ƙafar ƙuda za ki ƙirga. Yara na mini dariya wai zamanin waya ne. Su ɗauki mai tsaron gida daga tsakiyar fili da wayar tasu mu gani."

"Tabon nan fa?"

Fuskarsa ta faɗi, kamar an ambaci aibin 'yarsa. "Ƙura ce ta shige ciki, ta zauna a kan farantin da ke kama haske. Gogewa daga waje ba ta fitar da ita. In bayan hoto da duhu ba a gani, sai a kan sama ko farin bango."

"Ko farar takarda."

Koci ya kalle ta, ya kalli kwamfutar, gumi ya keto masa. "Wallahi Sajan, ni ko makullin kabad ɗin ban san kamanninsa ba."

"Zauna, Koci. Yaushe ka yi amfani da ita a makon jiya?"

"Alhamis, wasan ƙwallo. Na dawo da ita huɗu da rabi. Anti ta riga ta tashi, sai na ba Mataimaki ya sa a aljihun tebur. Juma'a da safe na sake ɗauka, don dashen itatuwa."

Sajan ta bi hotunan da ke kan katin ajiya ɗaya bayan ɗaya. Kyamarar na ba kowane hoto lamba a jere. Na ƙarshe a wasan ƙwallo 1412 ne, na farko a dashen itatuwa 1419.

"Ka goge wasu?"

"Ban goge ko ɗaya ba. Ai katin ma bai kwana a cikinta ba. Kullum in na gama nakan zare shi in tafi da shi gida in kwashe hotuna, da safe in mayar."

To, ga lissafin da ya ƙi zama. Lamba shida sun ɓace tsakanin yammacin Alhamis da safiyar Juma'a, hotunan da suka fita kuwa huɗu ne. Duk wanda ya ɗauka, da nasa katin ya yi amfani, tunda na makaranta na gidan Koci. Biyun fa, ina suka shiga?

Mataimaki ya karɓe ta da fara'a, har da jawo mata kujera. Mutum ne mai tsafta, alƙalami uku a aljihu.

"Na sa kyamarar a aljihun tebur, na kulle ofis, biyar saura kwata na bar makaranta," ya ce. "Ni wannan abar ko kunna ta ban iya ba. Abin Anti ya ba ni tausayi ƙwarai. Amma kin san ciwon mijinta, mutum in ya matsu babu abin da ba ya yi."

Sajan ta rubuta.

Anti Ɗigo na zaune a gaban teburinta, jakarta a cinya, ta riga ta naɗe koren mayafin. Ta tsufa, amma bayanta a miƙe yake. Ba ta gane Sajan ba.

"'Yata, ban yi ba," ta ce a hankali. "Ban da abin da zan ƙara."

"Anti, ina kike ranar Alhamis da yamma?"

"Asibiti. Duk Alhamis ƙarfe huɗu nake kai maigidana a gasa masa ƙafa. Amma sun ce ai da makulli a hannuna, zan iya dawowa."

"Kyamarar nan ta zo da littafin bayani?"

"Shekara tara ke nan." Ta tashi, ta jawo aljihu na uku, ta zaro ambulan mai rubutu a baya. "Kowa ya ce in yar, wai wa ke karanta irin wannan. Ni na karanta."

Kowane shafi na ɗan littafin yana da ɗigon fensir a kusurwa. Sajan ta bi shi yadda matar ta taɓa koya mata, har ƙananan rubutun ƙasa. A shafi na goma sha ɗaya ta tsaya, ta karanta layi biyu sau biyu, ta rufe littafin.

Ta tara su duka a ofishin Shugaba, ta ajiye kyamarar a tsakiyar tebur.

"Tabon da ke hotunan ya nuna da wannan aka ɗauka," ta ce. "Lambobi sun nuna an danna ta sau shida bayan Koci ya mayar da ita. Anti ba ta bukatar kyamara, takardar na cikin kwamfutarta. Malamin kimiyya ba ya gari. Koci ba shi da makulli. Wanda ya yi aikin bai san ɗabi'ar Koci ta zare kati ba. Ya ɗauki biyu ba su yi kyau ba, sannan ya lura babu kati, ya sa nasa, ya lalubo maɓallin fure, ya ɗauki huɗu masu kyau. Da ya duba allo, huɗun nan kaɗai ya gani, sai ya ɗauka biyun farko iska ta sha."

Ta buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasan kyamarar, ta zare katin.

"Littafin Anti ya ce tana da 'yar ma'ajiya a cikinta. In babu kati, nan take zuba hoto. Da an sa kati kuma, sai ta daina nuna na cikin."

Ta danna maɓallin dubawa. Hoton farko fari ne fat, hasken filasha ya wanke shi. Na biyu an ja baya aka ɗauka, rubutun ya yi ƙanana, amma teburin ya fito duka: koren mayafi, takarda, da hannun hagu na namiji ya danne gefenta. Sajan ta jawo hoton, ta ƙara jawowa. 'Yar kyamarar ba ta ba Koci kunya ba. Ga agogo mai maɗaurin baƙar fata, gilashinsa ya tsage ta wajen ƙarfe uku, yana nuna biyar da minti ashirin da biyu.

Mataimaki ya sulale hannunsa ƙarƙashin tebur.

"Malam, ɗora shi sama," in ji Sajan. "Ka ce biyar saura kwata ka tafi."

Ya ɗora. Tsagar na nan a wajen ƙarfe uku. Daga nan bakinsa ya buɗe da kansa: yana da ajin yamma a gidansa, yana so ɗalibansa su fi kowa a bana, su biyar kawai ya tura wa. Teburin Anti kuwa, wai don can ne hasken taga ya fi kyau.

"Da mayafin ma haske ne ya sa ka bar shi ya fito?" Sajan ta tambaya.

Shugaba ya yayyaga takardar dakatarwar a gaban kowa, ya kasa haɗa ido da Anti, sai haƙuri yake bayarwa ba ƙaƙƙautawa. Koci ya rungume kyamararsa yana cewa gobe-gobe zai kai ta a buɗe a share mata ƙurar nan.

"Kul," in ji Anti. "Ka bar mata abinta."

Da ɗakin ya watse, ta kamo hannun Sajan da hannu biyu, hawaye na zuba. "'Yata, Allah ya saka miki. Da me zan gode miki? Ko sanina ba ki yi ba kika tsaya mini."

Sajan ta cire tabarau ta ajiye mata a tafin hannu.

"Aji biyu, Anti. Yarinyar da ke manna hanci da allon sanarwa."

Anti ta juya tabaran, ta ɗago ta ƙura mata ido, sai ta toshe baki. "Ke ce? 'Yar tela?"

"Ni ce. Shekara goma sha takwas ina cewa gobe zan zo in gode miki. Na gode, Anti."

Tsohuwar ta yi dariya cikin kuka, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta mayar mata da shi a fuska da hannunta, kamar yadda ta yi ranar farko.

Bayan wata huɗu, ranar ritayarta, Koci ya ɗauke su hoto su biyu a ƙarƙashin bishiya, ya aiko wa Sajan da ɗaya. Kowane tamojin fuskar Anti ya fito tas. A sama, kusurwar dama, ga tabon nan. A bayan hoton babu rubutu, sai ɗigon fensir guda a kusurwa.