Ƙofar da Ɓarawo Ya Gyara

Da hantsin Asabar wani saurayi ya faɗo caji ofis na Wurno, ko sallamar kirki babu. Sunansa Jamaluddeen, ɗalibin kwalejin fasaha da aka turo koyon aiki shagon Baba Shittu kafinta a Achida.

"Ranka ya daɗe, an sace kujerata ta maɗaci. Gobe malaminmu zai zo dubawa. In babu ita, sai na maimaita koyon aikin."

Sufeto Zayyanu ya ɗauki hularsa, suka hau babur.

Shagon shiru, sai tsohon zaune shi kaɗai kan benci.

"Baba, ina kake jiya?" in ji Sufeto.

"Rabah na yi Juma'a, ɗana. Ban san mi ya faru ba."

Kwaɗon ɗakin ajiya lafiya lau, makullinsa kuma ɗaya ne, yana wurin ɗalibin. Ga injin goge katako, ga zartuna, ba a taɓa ba. Wane irin ɓarawo ne wannan?

Sufeto ya tura ƙofar, ta rufu sumul. Jamaluddeen ya zaro ido.

"Ikon Allah! Tun zuwana sai an ɗaga ta take rufuwa."

Sufeto ya duƙa. An cire hinjin, an mayar da sababbin kusoshi, har an fere gindin ƙofar. Jama'a, ɓarawo da gyaran ƙofa!

Ya tsallaka wurin Uwa mai fura da ke daura da shagon, ya tambaye ta ko tsohon ya je Rabah jiya.

"Rabah kuma? Ai ana saukowa masallaci ya aro jakin maƙwabcina," in ji ta. "Bawan Allah. Tun da 'yan bindiga sunka tashi ƙauyensu, ɗiyansa sunka watse Sakkwato da Kano. Kafin yaron ga ya zo, yini yakai bai ce uffan ba."

A gidan Baba Shittu suka sami kujerar, lulluɓe da sabon bargo, an ɗora ƙafafunta kan katakai don kada gara ta taɓa.

Tsohon bai yi musu ba.

"Ni na ɗauka. Ƙofar kuwa, hannuna ya ƙi barin ta a karkace."

"Baba, don mi?" in ji Jamaluddeen.

"In ka ci, tafiya za ka yi. Na ce ko a ƙara maka wasu watanni. Na gaji da cin tuwo ni kaɗai."

Tausayi ya kama Sufeto, amma an riga an shigar da ƙara.

"Baba, mu je ofis ka ba da bayani."

Tsohon ya hau bayan babur da ƙyar, sannan ya waiwayo.

"Jamalu, in malamin ya zo, fara nuna mai haɗin ƙafar baya. Nan ka fi ni."

Jamaluddeen ya ɗora kujerarsa a ka, ya kama hanya, bai juyo ba.